Harsashi Ɗaya: Zaɓen Bindigar Farauta Daidai Aljihu a Dawan Garwa

(KIƊAN MAHARBA YA TASHI, SANNAN YA YI ƘASA)

Yau daji za mu shiga, dajin arewacin Kamaru, daga Garwa ta bakin kogin Binuwai har ƙasar Rai Buba da Poli. Batunmu kuwa shi ne wanda maharba ba sa gajiya da muhawara a kansa in an zauna hira: mutumin da ba mai hannu da shuni ba ne, yana son farauta ta halal kuma bisa doka, wace bindiga zai saya, wane harsashi zai ɗura mata, kuma wane madubin saiti zai ɗora a kanta? Ku gyara zama, ku biyo mu.

(KIƊA)

Da zarar kaka ta wuce, iskar hunturu ta fara busowa, sai dajin da ke kudu da Garwa ya sauya kama. Gambar da ta ɗara mutum tsawo ta bushe, ma'aikatan daji su cinna mata wutar farko, ƙasa ta yi baƙi ƙirin da toka, bayan 'yan kwanaki sabon tsiro ya ɓullo kore shar. Wannan tsiro shi ke fito da namun dawa kiwo a tsakanin itatuwan doka da kaɗanya da marke. Mariya tana fadama kusa da ruwa, kanki yana fili, gwanki na tafiya garke-garke, mazo ya laɓe a duhuwar bakin rafi, gada kuwa sai wuf daga wannan sarƙaƙiya zuwa waccan. Can ciki akwai ɓauna, akwai kuma yamusa, ƙaton dabban nan mai murɗaɗɗen ƙaho, wanda ƙosasshen namijinsa kan doshi tan guda. Saboda shi ne baƙi daga Turai da Amurka ke sauka a filin jirgin saman Garwa kowane rani da akwatunan bindigoginsu.

Manyan gandayen daji uku ne a Yankin Arewa na Kamaru. Na Binuwai da na Buba Njidda sun zama gandayen ƙasa a 1968, na Faro kuma a 1980, kuma a cikinsu ba a harbi ko kaɗan. A kewayensu ne aka yanka yankunan farauta da aka fi sani da ZIC, waɗanda gwamnati ke bai wa jagororin farauta haya, wani kaso na kuɗin ya koma ga ƙananan hukumomi da ƙauyukan da ke maƙwabtaka da su. In aka haɗa gandayen da waɗannan yankuna, sun cinye sama da kashi 40 cikin 100 na ƙasar Yankin Arewa. A cikin garin Garwa kuma akwai makarantar horar da ƙwararru kan namun daji, wadda aka buɗe a 1970, inda ɗalibai daga ƙasashen Afirka da dama, musamman masu amfani da Faransanci, ke zuwa koyon tsaron dawa. Ke nan farauta a wannan yanki harka ce mai hukuma, mai lokaci, mai lissafi.

Baƙon da ya zo daga ƙetare yakan kashe miliyoyin sefa a mako biyu, bai damu da tsadar bindiga ba. Ɗan gari kuwa, malamin makaranta ne ko ɗan kasuwa ko manomin auduga da ya gaji harbi daga iyaye, tara kuɗinsa yake yi sannu a hankali. Irin wannan bawan Allah shi ne ya fi cancanta a ba shi shawara ta gaskiya, domin ba shi da kuɗin saye sau biyu. Shawarar farko ita ce: kada shagon bindiga ya zama wurin da ka fara zuwa. Takarda ce a gaba, sai dabba, sai harsashi, sannan bindiga.

(KIƊA)

Mu fara da takarda. Dokar makamai ta Kamaru ta watan Disamba 2016 ta wajabta wa duk mai son mallakar bindiga ya nemi izinin saye da riƙewa daga ma'aikatar kula da mulkin cikin gida, bayan an binciki halinsa. Wannan izini dabam yake da lasisin farauta, wanda ke hannun ma'aikatar gandun daji da namun dawa, wato MINFOF, mai ofishinta na yanki a Garwa. Mai bindiga da izini amma babu lasisin farauta, in aka same shi da nama a daji, ɓarawon dawa ne a idon doka.

Dokar daji ta 20 ga Janairu 1994 ta kasa namun dawa aji uku. Ajin A su ne waɗanda aka haramta taɓawa, irin su raƙumin dawa da damisa da barewa mai jan goshi. Ajin B ana harbinsu da lasisi kuma da ƙayyadadden adadi, a nan ne mariya da kanki da gwanki da ɓauna da yamusa suke. Ajin C kuma sauran ƙananan dabbobi ne. Wannan doka ta hana farautar dare da fitilar goshi, ta hana harbi daga cikin mota, ta hana guba da farauta da wuta, ta hana makaman yaƙi da harsasansu, ta kuma hana bindigar toka, wato harba-ka-ruga da maƙera ke ƙerawa. Farautar gargajiya da ta bar wa talaka ita ce ta ƙananan dabbobi don cin gida, da kayan da aka yi daga itace da tsirrai. A watan Yuli 2024 an kafa sabuwar dokar daji wadda ta maye gurbin waccan, ana kuma sabunta jerin ajin dabbobi lokaci zuwa lokaci. Saboda haka kafin ka fitar da ko dala, taka ƙafarka zuwa ofishin MINFOF ka ji abin da ke aiki a bana, da ranar buɗe farauta da ranar rufe ta.

A nan ne za ka ga cewa hukuma ta riga ta sauƙaƙa maka rabin zaɓin. Ƙa'idar da aka fitar a 1995 ta ɗaure kowane lasisi da faɗin bakin bindiga. Lasisin ƙaramar farauta na mai bindiga ce mai sulɓin ciki, ko karabin da bakinta bai kai milimita 6 ba. Na matsakaiciyar farauta na mai karabin ce tsakanin milimita 6 da 9. Na babbar farauta kuwa sai bakin ya haura milimita 9. Kowane mataki da tsadarsa, da kuma irin dabbar da ya ba ka dama. Tambayar da za ka yi wa kanka ita ce: wane lasisi aljihuna zai iya sabuntawa kowace shekara ba tare da na tauye haƙƙin iyali ba? Amsar ita za ta nuna maka bindigarka.

(KIƊA)

To, mu zo kan harsashi. Bindigar da ta fi yawa a hannun maharban ƙasashen rainon Faransa ita ce mai lamba 12, wadda ake ce wa kalibir duz, mai baki ɗaya ko mai baki biyu, irin su Baikal ta Rasha da tsohuwar Simplex ta Faransa. Cikin bututunta sumul yake, faɗinsa wajen milimita 18 da rabi, tana watsa ƙwayoyin dalma ne. Ga zabin daji da fakara da zomo da gada a kusa, babu kamarta, ga araha, ga sauƙin gyara, ga harsashinta ya fi kowane samuwa. Amma tana da iyaka, kuma iyakar gajera ce. Ko da manyan ƙwayoyin nan da ake kira dubul zero, waɗanda tara ne a harsashi guda, in tazara ta wuce mita 35 zuwa 40 sai su warwatsu, ƙarfinsu ya ragu. Wanda ya harbi mariya da su daga mita 70, ƙwaya ɗaya ko biyu ce za ta shiga cinya ko ciki, dabbar ta tafi ta mutu bayan kwana uku a inda kuraye ne kaɗai za su amfana.

Karabin kuwa cikin bututunta akwai zare a murɗe, wanda ke juya harsashi yana tafiya, shi ya sa yake miƙewa ɗoɗar har nesa. Ƙaramarta ita ce mai lamba .22, harsashinta bai kai giram 3 ba. Ta dace da koyon saiti da ƙananan dabbobi, amma zalunci ne a auna mariya ko mazo da ita.

Ga mai son naman tsakiya, wato daga mazo da mariya mai kilo 60 zuwa 100, har kanki mai kilo 150 da ɗoriya, gidan da ya dace shi ne na milimita 7 zuwa 8. A ciki akwai 7x57 na Mauser, wanda ya fito tun 1892, mai taushin shuri a kafaɗa. Akwai .30-06 na Amurka, ɗan 1906. Akwai 7x64 da Bajamushe Wilhelm Brenneke ya ƙirƙiro a 1917, akwai kuma .308 Winchester na 1952. Dukkansu suna jefa harsashi mai nauyin giram 9 zuwa 12, kuma kowannensu ya ishi duk dabbar da lasisin matsakaiciyar farauta ya halatta, matuƙar an sa shi a gurbin da ya dace. Bambancin da ke tsakaninsu a tazarar mita 150 bai kai a ɓata dare ana gardama a kansa ba.

Abin da ya kamata a ɓata dare a kansa shi ne samuwa. Bindigar da babu harsashinta a kasuwa sanda ce mai tsada. A watan Afrilu 2018 gwamnati ta dakatar da sayar da bindigogi da harsasai a yankuna shida na ƙasar, har da Adamawa da ke maƙwabtaka da mu ta kudu, saboda matsalar tsaro. Mai bindigar da harsashinta baƙo ne shi ya fi shan wuya a irin wannan yanayi. Akwai kuma wani tarko. Harsashin .308 tagwaye ne da na sojan NATO mai milimita 7.62, kuma Faransa ta daɗe tana lissafa irinsa da .30-06 cikin kayan yaƙi, sai a 2013 ta sassauta. Wannan ne ya sa 7x64 ya yi kaka-gida a kasuwannin da ke sayen kaya daga Faransa. Tun da dokar Kamaru ta hana farauta da harsashin yaƙi, tambayi hukuma da dillali mai lasisi tukuna: wane lamba ake rubutawa a takarda ba tare da matsala ba, wanne ne kuma ba ya yankewa a kanti?

Ɓauna da yamusa kuwa gidansu dabam. Su sai 9.3x62, wanda Otto Bock ya ƙera a Balin a 1905 domin manoman Jamus da ke zaune a Afirka, ko .375 na kamfanin Holland & Holland na Landan, ɗan 1912, masu harsashi mai giram 18 zuwa 19 da ɗoriya. Shurinsu da ƙarfi, kuɗin harsashinsu da nauyi, lasisinsu ya fi kowanne tsada. Mai ƙaramin ƙarfi da ya sayi irin wannan don a ce yana da babbar bindiga, ƙarshenta tsoron kunamarta zai riƙa ji, ya runtse ido lokacin harbi, ya kuma kasa sayen harsashin gwaji.

(KIƊA)

Ita bindigar kanta, karabin mai sakata ita ce ta talaka. Ƙirarta ba ta da rikici, ƙurar hunturu ba ta cika hana ta aiki ba, kuma tsarin Mauser na 1898, wanda kamfanoni irin su Zastava na Sabiya suka daɗe suna ƙerawa a kansa, ya tabbatar da ƙarkonsa a dazukan Afirka fiye da shekara ɗari. Ta hannu mai lafiya ta fi sabuwa marar asali, amma sai an duba ta da idon basira, kuma sai an sauya sunan mai ita a gaban hukuma.

Ga yadda tsofaffin hannu ke duba ta. Da farko a tabbatar babu harsashi a ciki. A zare sakatar, a ɗaga bututun wajen haske, a leƙa ta baya. In zaren ciki ya fito tsaf yana sheƙi, alhamdu lillahi. In ka ga ɗigo-ɗigon baƙi kamar zanzana, tsatsar damina ta ci shi, ajiye ta. A shafa yatsa a leɓen bututun, domin ɗan tsagu kaɗan a nan ya isa ya karkatar da harsashi. A duba wuyan ƙotar, inda hannu ke riƙewa, ko akwai tsagewar da aka ɓoye da fenti. A ɗana ta ba harsashi, a sa makullin kariya, a ja kunama, sannan a ɗan buga gindinta a ƙasa. In ta tashi da kanta, wannan bindiga ajalin wani take jira. Daga ƙarshe a gwada lambar da ke jikin ƙarfe da wadda ke takarda, harafi da harafi. A yankin da ya sha fama da 'yan fashi da masu garkuwa da mutane, bindigar da ba a san asalinta ba tana iya kai mai gaskiya kurkuku.

(KIƊA)

Saura madubin saiti, kuma a nan ne aka fi yin asarar kuɗi. Za ka ga an rubuta 3-9x40 a jikinsa. Ma'ana yana kusanto da abu daga ninki 3 zuwa ninki 9, gilashin gabansa kuma faɗinsa milimita 40 ne. Wannan ya wadatar, har ma ya yi yawa. Dajinmu mai itatuwa ne, yawancin harbi a ƙasa da mita 150 ake yin sa, kuma a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, hucin ƙasa kan sa abin da ke nesa ya riƙa rawa a cikin gilashi, yawan ninki kuwa ƙara rawar yake yi. Madubi mai ninki 4 tsayayye, na kamfanin kirki, ya fi mai ninki 24 na bogi da aka cika wa ado. Araha ba ta ado. Na bogin nan, harbi biyar ya isa ya girgiza cikinsa saitin ya gudu, raɓar asuba ta shige shi ya yi hazo. A nemi wanda aka toshe shi ruwa da ƙura ba sa shiga, wanda kuma ke barin tazarar yatsu huɗu tsakaninsa da ido, don kada shurin bindiga ya fasa gira. Zobban ƙarfen da ke ɗaure shi a kan bindiga ma kada a yi musu rowa, domin madubin miliyan a kan zobba masu girgiɗi bai tsinana komai ba. Wanda kuɗinsa bai kai na madubin kirki ba, ya haƙura da saitin ƙarfe da bindigar ta zo da shi, ya rage tazara.

Bayan an ɗaura, sai gwaji. A samu wurin da hukuma ta yarda, mai tudu a baya wanda zai tare harsashi. A kafa kwali a mita 100, a yi masa ɗigo da gawayi. A ɗora bindiga a kan buhun yashi, a zauna daram, a saki numfashi rabi, a matsa kunama a hankali har ta tashi ba tare da an fizge ta ba. Harbi uku, sannan a je a duba. In ramukan uku sun taru a wurin da tafin hannu zai rufe, sai a murɗa saitin har su hau kan ɗigon. In sun warwatse, matsalar ko ta zobba ce, ko ta bututu, ko ta mai harbin, kuma ba a shiga daji sai an gano ta. Nauyin harsashin da aka yi gwaji da shi, shi za a riƙe a farauta. Bayan doguwar tafiya a babur kan hanyar Colire ko Poli, a sake gwadawa. Don haka duk mai lissafin kuɗi ya ware kason takardu, da na madubi da zobba, da na harsashin gwaji, da na akwati mai kwaɗo inda yara ba za su kai hannu ba. Abin da ya rage shi ne kuɗin bindiga.

(KIƊA)

Akwai kuma jarin da ba a saye da kuɗi, wanda kakanninmu suka bar mana. Maharbin da, mai kwari da baka, yakan ɗaura kan burtu a goshinsa, ya durƙusa yana rarrafe yana kwaikwayon tsuntsun, har ya shiga tsakiyar garke ba a farga ba. Masu bin sawu na ƙasar Faro da Mayo Rai har gobe suna da wannan ido. Mutum zai tsuguna a kan toka, ya dubi gefen kofato ko ya rufta ko yana nan da kaifinsa, ya murje kashin dabba a yatsa ya ji ɗuminsa, ya ɗebi ƙura ya sake ta ya ga inda iska ta nufa, sannan ya nuna hanya da leɓe ba tare da ya ce uffan ba. Wanda ya iya matsowa mita 80 ba ya bukatar kayan da mai harbi daga mita 300 ke bukata.

In an matso, a jira dabba ta ba da gefe, a auna bayan kafaɗa, ƙasa-ƙasa, inda zuciya da huhu suke. A zaɓi tsohon namiji, a ƙyale mace da ƙanana. A yi bisimilla yayin harbi, in an tarar da sauran rai a yanka nan take, kamar yadda malamanmu suka karantar, sun kuma yi hani da kashe rai don wasa. A yankunan farauta, dabbar da aka jikkata ta ɓace ana lissafa ta a kan maharbi, ya biya kuɗinta. In ɓauna ce kuwa, raunin da aka yi mata yana iya zama ajalin mai bin sawu, ko na wani makiyayi da bai ji ba bai gani ba. In saiti bai zauna ba, ko ciyawa ta tare, ko ba ka ga abin da ke bayan dabbar ba, sauke bindiga. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Muna nanata wannan ne domin dawan nan ya riga ya yi rashi babba. Karkandar yammacin Afirka, wadda mafakarta ta ƙarshe a duniya ita ce arewacin Kamaru, an neme ta a binciken 2006 ba a ga ko ɗaya ba, a 2011 aka bayyana cewa ta ƙare. A farkon 2012 mahaya dawakai ɗauke da makaman yaƙi suka ƙetaro ta Cadi suka kashe ɗaruruwan giwaye a Buba Njidda, sai da aka tura soja. Yau kuma ga masu haƙar zinariya a bakin koguna, ga garkunan shanu, ga gonaki suna matsowa, ga tarkon waya da ba ya bambance mace da namiji. Maharbi mai lasisi, mai harsashi ɗaya don dabba ɗaya, yana cikin mutanen da suka fi kowa bukatar mariya da gwanki su wanzu, domin in sun ƙare, sana'arsa da ta 'ya'yansa ce ta ƙare. Saboda haka shi ya kamata ya fara kai rahoto in ya ga tarko, shi ya kamata ya fara tsawata wa mai fitilar dare.

(KIƊA YA TASO A HANKALI)

Jama'a masu sauraro, a nan za mu dasa aya. Mai niyyar wannan harka ya fara da ofishin hukuma, ya san dabbar da aka halatta masa, ya tabbatar da harsashin da zai samu bana da baɗi, ya sayi bindiga mai asali da madubi mai aminci, sannan ya ba gwaji haƙƙinsa kafin ya taka daji. Allah Ya tsare maharbanmu da ma'aikatan gandun daji, Ya albarkaci dawanmu, Ya ba mu zaman lafiya a Kamaru da maƙwabtanta.  

(KIƊAN RUFE SHIRI)